Ciwon hanji na IBS yana tashi duk lokacin da hankalina ya tashi

Assalamu alaikum. Shekara 2 ke nan ina fama da murɗawar ciki da kumburi, wani mako gudawa, wani mako kuma bayan gida ya ƙi fita. An yi mini gwajin jini da na bayan gida da hoton ciki, ba a ga komai ba, daga bisani likita ya ce IBS ne, wato ciwon da ke dagula aikin hanji ba tare da an ga wani rauni a jikinsa ba.

Na daina cin wake da madara da yaji, ina kuma shan Buscopan idan murɗawar ta tsananta, amma sauƙin ba ya daɗewa. Abin da na lura shi ne, duk ranar da zan yi doguwar tafiya a mota ko zan yi magana a gaban taro, tun da asuba cikin yake fara juyawa ko da ban ci komai ba. Har sallar jam'i ta zame mini abin fargaba, domin iska tana karya mini alwala ina tsakiyar sahu.

Yanzu likitan ya rubuta mini amitriptyline kaɗan da dare, ni kuwa na san maganin ciwon damuwa ne, shi ya sa na kasa fara sha. Don Allah, masana, ta wace hanya wannan magani yake rage ciwon hanjin kansa?