Kare ya wayi gari ƙafafun baya sun shanye: ina za a fara kai kuɗi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Kare ɗan shekara 5, jiya lafiya lau, yau yana jan gindi a ƙasa, ƙafafun baya ba sa ɗaukarsa. Kuɗin mai shi ba yawa. Me ya kamata a fara yi?

Likitan dabbobi: Wa alaikumus salam. Kafin maganar kuɗi, yaushe aka yi masa rigakafin ciwon haukan kare? Akwai nau'in da ba ya sa kare cizo ko hargowa: muƙamuƙi ya saki, miyau na dalala, murya ta sauya, sai shanyewa ta biyo baya. In ba a yi masa allurar ba kuma an ga haka, kada wanda ya sa hannu a bakinsa da sunan neman ƙashi. A killace shi, a kira likita. Wanda ya ciza ko ya lasa a kan rauni ya wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ya nufi asibiti a ranar. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom, a Jihar Filato, tana gwajin tabbatarwa.

Sarkin farauta: Gaskiyarka likita. A kuma tambaya ko ya ci mushe. Gubar mushe takan fara ta ƙafafun baya ta haura gaba, kare ya zama laƙwas amma hankalinsa na nan, jela na kaɗawa. Wannan jinya yake so, da yawa sukan tashi cikin mako 1 zuwa 3 in numfashi bai taɓu ba.

Ma'aikaciyar jinyar dabbobi: Sarki, a ƙara da fiya-fiya da Sniper da ake yi wa karnuka wankan kaska da su. Miyau, karkarwa, gudawa, ƙwayar ido ta tsuke: a ruga da shi, a tafi da kwalbar, allurar atropine yake buƙata. Haka Berenil, allurar da ake yi wa dabbobi don cututtukan jini irin su sammore, idan an zarce awo ko an maimaita kusa-kusa, yana taɓa ƙwaƙwalwar kare. A faɗa wa likita duk abin da aka ba shi, ba ɓoye-ɓoye.

Likitan dabbobi: In duk waɗannan babu, zargi na kan faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya, ya fashe ya danne laka. Ya fi kama masu dogon baya da gajerun ƙafafu, irin su Dachshund da Lhasa. Gwaji ɗaya ne ke nuna inda za a kai kuɗi: likita zai matse ƙashin yatsan ƙafar baya da ƙarfi. Janye ƙafa kaɗai ba shaida ba ce, ko lakar ta yanke ƙafa na iya janyewa. Abin da muke nema shi ne karen ya waiwayo ko ya yi kuka. In yana jin zafin, akwai kyakkyawan fata, wasu ma ba tiyata suke tashi. In ba ya ji, tiyata ce cikin gaggawa, ita ma kusan rabi take tayarwa.

Mai tambaya: Likita, hoton ƙashi fa? An ce shi ne farko.

Likitan dabbobi: Yana nuna karaya da gocewar ƙashi, don haka in ana zargin mota ta buge shi, a yi. Amma ba ya nuna laka, sai CT ko MRI ko hoton da ake sa rini. Shawarata, in dai ba za a iya biyan tiyata ba, kada a zuba kuɗi a hoto mai tsada, a bar su don magani da jinya. A nemi lissafi a rubuce, a tambayi wanne ne dole yau, wanne zai jira. Asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri sun cancanci a tuntuɓa, amma a fara bugo waya a ji ko suna tiyatar baya kafin a ɗauki hanya.

Ma'aikaciyar jinyar dabbobi: Wajen ɗauka, a zura shi kan katako a ɗaure da zane, kada baya ya lanƙwashe. Don Allah ban da ibuprofen da diclofenac na mutane, suna huda ciki su lalata ƙoda. Kuma kada a haɗa dexamethasone ko prednisolone da meloxicam. In an ga kashi baƙi kamar kwalta, jini ne, a tsai da magani a koma asibiti.

Jinyar gida kuwa ita ce aikin. Keji matsattse mako 4 zuwa 6, ko da ya fara takawa, domin a nan ne ake sake shi ciwo ya dawo. A juya shi duk awa 4 kan shimfiɗa mai laushi saboda gyambon kwanciya. Fitsarin da ke ɗiga ba alamar yana fitsari ba ce, sau da yawa mafitsara ce ta cika ta tumbatsa. Likita ya nuna yadda ake matsa ta da tafin hannu biyu, sau 3 zuwa 4 a rana, da safar hannu. In ta yi tauri ta ƙi, kada a tilasta.

Sarkin farauta: Fita bayan gida, a rataya tawul ƙarƙashin mararsa a tallafe. Keken tallafar ƙafafun baya da ake haɗawa da bututun roba na masu aikin famfo sai bayan ya gama zaman keji.

Likitan dabbobi: Haka ne Sarki. Ga karen da ba ya jin zafin matsar yatsa, a sa ido sosai a makon farko. In raunin ya haura ƙafafun gaba, naman ciki ya saki, numfashi ya koma da ƙyar, lakar ce ke ruɓewa kuma ba ta da magani. A nan a kai shi likita ya yi masa allurar hutu, wato wadda za ta ƙare rayuwarsa ba tare da wahala ba, kada a bar shi numfashi ya ƙare masa a hankali.