Waɗanda ake zargi da ta'addanci: bariki ko gidan yari, Kainji ko gida?

Ɗan Ringim: Assalamu alaikum. Gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Wasu na cewa a bar su a hannun soja, wasu na cewa a kai kowa kotun jiharsa. Waɗanda suka san aikin, ku warware mana.

Barista daga Gaya: Wa'alaikumus salam, Malam. Dokar ta'addanci ta 2022 ta bai wa Babbar Kotun Tarayya hurumin wannan shari'a. Majistare ba ya yanke ta, kotun shari'ar Musulunci ma haka. Kuma kotun na da reshe a Kano da Dutse, don haka doka ba ta ce sai Abuja ba. Sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a gurfanar da wanda aka kama cikin awa 24 in akwai kotu cikin kilomita 40, in babu, awa 48. Amma hukuma na iya neman izinin tsare shi kwana 60 ba tare da an ji ta bakinsa ba, kuma ana sabuntawa. A nan ake yin sakaci: wa'adi ya cika, ba a koma gaban alƙali ba, iyali ba su san ranar da aka fara ƙirga ba.

Tsohon Gandiroba, Birnin Kudu: Barista, a takarda haka ne. Amma ka san gidajen yarinmu. Katanga ta tsufa, ɗakin mutum goma ya ɗauki ninkinsa, masu gadi da bindiga ba su da yawa. Bauchi a 2010, fiye da 700 suka fice. Kuje, 5 ga Yulin 2022, fiye da 800, kuma Abuja ce fa. Ga haɗarin kai su kotu: mota, mai, rakiya, hanya ɗaya da kowa ya sani. Rana ɗaya babu mai, an ɗage zama. Abin da ya fi damuna shi ne cakuɗa su da masu jiran shari'a. Yaron da ya shiga kan satar akuya, wata shida yana kwana kusa da mai wa'azin ɓata, me kake tsammani?

Barista daga Gaya: Gaskiya ne, Baba. Sai dai barikin ma bai tsira ba, an kai wa na Giwa da ke Maiduguri hari a Maris 2014.

Magatakarda, Hadeja: Ni a wurina matsalar fayil ce. Dubi Kainji a jihar Neja, inda aka yi wa waɗanda ake zargi da Boko Haram shari'a a barikin soja. Zaman farko, Oktoban 2017, a asirce aka yi: an ɗaure 45, an sallami 468. Me ya jawo? Sojan da ya yi kamun ba ɗan sanda mai bincike ba ne. Bai rubuta inda ya kama mutum ba, bai sa lamba a kan wayar da ya ƙwace ba, an kuma sauya masa wurin aiki. Bayan shekara uku, mai gabatar da ƙara ya buɗe fayil, takarda ɗaya ce ciki: bayanin amsa laifi. Lauya ya ce da duka aka karɓa, sai an yi wata ƙaramar shari'a a kan wannan kaɗai. Ga lauyoyin gwamnati masu kare marasa hali, kowane da tarin mutane, wani sai ranar zama yake ganin nasa. Shaidar da zai wanke mutum kuwa, dagaci ne ko liman, wa zai biya masa kuɗin motar yini guda cur?

Hajiya Malama, Kazaure: Malam Magatakarda, to iyali fa?

Magatakarda, Hadeja: Hajiya, su rubuta rana, lokaci, wurin kamu, irin kakin da lambar motar. Su samu hoto da katin shaidarsa, da takardar mai unguwa. Su kai ƙorafi a rubuce ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, a buga musu hatimi a kwafinsu. Kada su bai wa ɗan kamasho ko sisi.

Tsohon Gandiroba, Birnin Kudu: Su haɗa da duk sunayen da ake kiransa, har laƙabi. Sau da yawa da sunan garinsu aka rubuta shi a rajista.