Ɗana yana so in koma wurinsa Zanzibar, ga suga ga hawan jini: me kuka gani?

Tsohon Malami, Jekadafari

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka taɓa zama a ƙasashen bakin teku. Ni ɗan fansho ne a nan Gombe, shekaruna 68, koyarwa na yi har na ajiye alli. Babban ɗana yana aiki a tsibirin Zanzibar na ƙasar Tanzaniya, can yake da iyalinsa. Tun bayan rasuwar mahaifiyarsa ya matsa lamba in koma wurinsa, ya ce ba ya samun barci in ya tuna daga ni sai yaron da ke yi mini aike a gidan.

Lalurorina uku ne. Akwai suga, bara likita ya ƙara mini allurar insulin a kan metformin da na daɗe ina sha. Akwai hawan jini, amlodipine kullum da safe. Sai gwiwar dama, wadda in hunturu ya kama sai dai in yi sallah a kujera. Ɗan nawa yana ta kwaɗaita mini cewa can babu hunturu, ga kifi, ga iskar teku. Abin da nake son ji shi ne yadda dattijo mai irin wannan jiki yake wuni a can. Ya ake ajiye allura? Ya asibiti, ya abinci? Fanshona fa, in aka kira tantancewa? Sannan abin da na kasa faɗa wa ɗan nawa: wa zan zauna da shi bayan la'asar?

Ɗan Kumo

Wa alaikumus salam Baba. Allah Ya jiƙan Mama, Ya ƙara muku lafiya. Ni dai a ganina ku yi lissafin kuɗi tukuna. Fanshonku da naira ake biya, kuma kun ga yadda ta faɗi tun 2023. In aka juya shi zuwa shilin ɗin Tanzaniya ba zai riƙe magani da gwaje-gwaje ba, komai zai koma wuyan ɗanku. Bizarsu ma ga ɗan Najeriya ba a filin jirgi ake karɓa ba, sai an nema tun daga nan an jira amincewar hukumar shige da ficensu, ga katin rigakafin shawara da za a tambaya. Bizar ziyara daban, takardar zama daban. Ku sa shi ya bincika wannan sosai kafin ku taɓa ko tabarmar gidanku.

Dattijo daga Wunti

Malam, sallama irin ta addini. Jikata ce ta nuna mini tambayarka, na ce ta ba ni wayar in rubuta da hannuna. Ni mutumin Bauchi ne, tsohon ma'aikacin gona, kuma yanzu haka daga Unguja nake maka magana, wato babban tsibirin Zanzibar, inda 'yata take aure. Ina da suga da hawan jini kamar kai, sai dai ni ba gwiwa ba ce, yanar ido ce aka cire mini.

Bari in fara da zafi, domin a nan yara suke ruɗar mu ba da gangan ba. Gaskiya ne babu hunturu, kuma ba a kai wa zafin Afrilun Gombe da ke taɓa digiri 40. Amma zafinmu busasshe ne, ka yi gumi ya bushe. Na nan jiƙaƙƙe ne. Ka yi wanka ka sa riga, kafin ka isa masallaci ta manne maka a baya. Lokacin da ku kuke lulluɓe da bargo, Disamba zuwa Fabrairu, mu a lokacin muke dahuwa. Daga Maris zuwa Mayu kuma babbar daminarsu ce, ruwa kamar da bakin ƙwarya, takalmin fata ya yi fumfuna a ƙarƙashin gado. Watannin daɗi su ne Yuni zuwa Satumba. In za ka zo gani, a nan za ka zo.

Wannan laimar ita ta shafi allurarka. A gida in wuta ta ɗauke, da yawanmu mukan naɗe kwalbar a leda mu binne ta cikin jiƙaƙƙen yashi a tukunyar ƙasa, ko kusa da randa, ta yi sanyi. Dabarar tana ci ne saboda busasshiyar iskarmu tana shanye ruwan tana tafiya da zafin. A nan iskar kanta ta ƙoshi da ruwa, tukunyar ba ta yin sanyin kirki. Firji ne dole, kuma ka tambayi ɗanka ko yana da sola ko janareto. Wutar tsibirin ta ƙarƙashin teku ake jawo ta daga babban yankin Tanzaniya, kuma har yau mutanen nan suna ba da labarin duhun da suka yi kusan wata uku, daga Disambar 2009 zuwa Maris na 2010, da layin ya lalace. An ja sabon layi daga baya, abin ya gyaru sosai, amma ana ɗauke wuta jefi-jefi.

Asibiti akwai. Babban na gwamnati shi ne Mnazi Mmoja a cikin birni, ga masu zaman kansu, kuma awon suga da na jini ba abin wahala ba ne. Metformin da amlodipine ana samu a kemis, sai dai kamfanin da ya yi su kan bambanta da wanda ka saba, don haka ka riƙe sunan maganin na asali da ƙarfinsa a rubuce. In ciwo ya yi nauyi, musamman na zuciya, galibi Darussalam ake tura mutum, asibitin Muhimbili ko cibiyar zuciya ta Jakaya Kikwete. Jirgin ruwa mai gudu kusan awa biyu yake yi, kuma ba ya tashi da tsakar dare. Wannan shi ne zaman tsibiri, ba kamar ka ce a tada mota daga Jekadafari zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya ba. Ka sa shi cikin lissafinka.

Abinci ya fi ba ni aiki. Kifi sabo kam sai ka gaji, kuma alheri ne ga mai hawan jini in an rage gishiri. Matsalar ita ce kusan komai da madarar kwakwa ake dafawa, rogo, ayaba, wake, har shinkafa, ga pilau da biriyani, ga shayi mai zaƙi da soyayyen fanke da safe. Watannin farko sugana ya hau, ba don na ci haram ba, don kawai ina jin nauyin mayar da kwano ga surukai. Sai da 'yata ta ware mini tukunya. Yanzu gasasshen kifi, ganye, ɗan ugali, wanda tuwon masara ne ba wani abu ba, da miyar kukar da ake aiko mana. Ka taho da kuka, daddawa da busasshiyar kuɓewa, ka rufe su ruf a roba, in ba haka ba laima ta lalata su.

Gwiwarka wataƙila ta ji daɗin ɗumin, amma ka tambayi gidan. In a tsohon gari ne, wanda Turawa ke kira Stone Town, lunguna ne da mota ba ta shiga, gidaje masu hawa da matakala tsaye. Ka ce a ba ka ɗakin ƙasa da bandaki na zama. Kada ka ji kunyar faɗa.

To sai tambayarka ta ƙarshe, wadda ita ce ta sa na karɓi wayar. Garin Musulmi ne, kiran sallah ta ko'ina, azumi kuwa gari gaba ɗaya yake ɗauka. Mafi yawansu Shafi'awa ne, za ka ji liman yana bayyana bisimilla, ana ɗaga hannu a ƙunutin asuba, ba wani abin damuwa. Suna girmama tsoho ƙwarai. Suna kuma da majalisa, dakali ne na dutse a jikin gidaje, dattawa su zauna suna kurɓar baƙin gahawa a ƙananan kofuna. Na zauna da su tun ban iya komai ba sai gaisuwa. Amma Malam, zama cikin mutane daban, hira daban. Wani zai faɗi magana dakalin ya kwashe da dariya, kai kana murmushin rakiya. Ba wanda ya san ka koyar da rabin unguwa, ba wanda zai tuna maka lokacin da Gombe take ƙarƙashin Bauchi kafin 1996. Ranar da aka yi rasuwar abokina na ƙuruciya a Nasarawa Jahun, a waya na ji, an riga an kai shi. Na wuni a ɗaki, sugana ya hau a ranar ba tare da na ci wani abin zaƙi ba.

Abin da ya riƙe ni shi ne na sama wa kaina aiki. Jikoki suna karatun allo a gabana bayan magariba, da asuba kuma ina tafiya a bakin ruwa da wani tsohon masunci da muke haɗa Larabcin masallaci da nuni da hannu. Kai malami ne, ka fi ni abin yi. Shawarata, kada ka sayar da gida, kada ka sallami yaron aikenka. Ka zo a watannin sanyinsu, ka koma gida ka yi azumi ko babbar sallah cikin mutanenka, jikinka zai gaya maka sauran. Ni haka nake yi, kuma ban ga ranar da zan daina komawa Bauchi ba muddin ƙafa tana ɗauka ta.

Nas mai ritaya, Azare

Baba na Wunti ya gama magana, Allah Ya saka. Ƙari kaɗan ta fuskar aikinmu. Insulin da ba a buɗe ba yana son sanyin firji tsakanin digiri 2 da 8, ba cikin gidan ƙanƙara ba, in ya daskare ya tashi aiki. Wanda aka fara amfani da shi yakan kai kamar mako huɗu in zafin ɗaki bai haura 30 ba, amma ku duba takardar da ke cikin kwalin naku. A jirgi ku riƙe shi a jakar hannu da wasiƙar likita, kada ya shiga cikin manyan kaya. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, ku zauna da likitanku ya tsara muku lokacin allura na ranar tafiya, ya kuma rubuta muku taƙaitaccen tarihin ciwonku da Turanci.

Sai ƙafa. Mai suga ba ya taka yashin teku ba takalmi, ko da kowa yana yi. Akwai ƙayoyin ruwa da duwatsu masu kaifi, kuma ƙafar da jijiyoyinta suka fara mutuwa ba ta jin yanka. Bayan kowace alwala ku tsane tsakanin yatsu da tawul, domin a wuri mai laima nan ne ƙafa take fara ruɓewa. Amlodipine yakan kumbura idon sawu, zafi kuma yana ƙara shi, in kun gani ku nuna wa likita, kada ku daina sha da kanku. Ku sha ruwa ko ba ku jin ƙishi. Gidan sauro ma kada a bari, sun rage zazzaɓin cizon sauro sosai amma bai ƙare ba.

Tun Oktoban 2024 suna sa baƙi masu ziyara sayen inshora ta dala 44. Ku sa ɗanku ya karanta sharuɗɗanta, kada ku dogara da ita wajen maganin ciwon da kuka shiga da shi.

Tsohon Malami, Jekadafari

Na gode ƙwarai jama'a, Allah Ya bar zumunci. Alhaji na Wunti, maganar abokinka ta taɓa ni, Allah Ya jiƙansa da rahama. Na kira yaron daren jiya na karanta masa duk abin da kuka rubuta. Gidan nasa ashe hawa na biyu ne, ya ce zai nemi na ƙasa kafin Yuni, sola kuma yana da ita. Mun tsaya a kan zan je in ga wuri, gida kuma ƙanena zai riƙe. Gobe zan shiga ofishin fansho in ji yadda ake yi wa wanda tantancewa ta riska yana waje, tunda namu na jiha ne.

Alhaji, ta ina kake tashi? Yaron ya ce daga Abuja, ni kuma doguwar tafiya tana tayar mini da gwiwa.

Dattijo daga Wunti

Ta Kano nake bi Malam, jirgin Habasha, a sauka Addis Ababa a canza zuwa Zanzibar. Ka sa ɗanka ya nema maka keken guragu tun wajen yankar tikiti, filin jirgin Addis yana da faɗi, gwiwarka ba za ta ɗauka ba. Ka riƙe dabino a aljihu saboda faɗuwar suga in abinci ya yi jinkiri. In ka sa rana ka rubuto a nan, zan sa a kawo ni in gaishe ka, kuma don Allah ka taho mini da daddawa ko ta mudu ɗaya ce.