Wai Bayahude mai riƙo da addini ba ya karɓar hikimar bare?

Ɗan Kurmi: Salam jama'a. Jiya a majalisa wani ya kafe cewa Bayahuden da ya riƙe addininsa da gaske ba ya karanta komai sai Attaura da Talmud, wato babban kundin fiƙihu da bayanan malamansu na dā, duk hikimar da ta fito daga bakin bare a wurinsa shara ce. Ni dai na yarda da shi, ku dubi Yahudawa masu tsananin riƙo da addini, masu baƙar hular nan na Ƙudus, makarantun 'ya'yansu maza da yawa ko lissafi da Turanci ba a cika koyarwa ba, shi ya sa gwamnatin Isra'ila take ta rigima da su kan kuɗin tallafi.

Maman Husna: Haba Yaya, ka ɗauki ɓangare ɗaya ka yanke wa kowa hukunci. Ina ka baro Musa bin Maimun? An haife shi a Ƙurɗuba ta Andalus, ya rasu a Masar 1204, har yau ba su da malamin fiƙihu da ake ambato kamarsa, kuma shi ne ya rubuta cewa a karɓi gaskiya daga bakin duk wanda ya faɗe ta. Littafinsa Dalalatul Ha'irin da Larabci ya rubuta shi amma da haruffan Ibrananci, kamar dai yadda muke ajami, kuma cike yake da Aristotal. Akwai ma wasiƙar da ya aika wa mai fassara masa Ibn Tibbon inda ya ce in dai manɗiƙi ake so a tsaya kan littattafan Alfarabi, don duk abin da ya rubuta tankaɗaɗɗen gari ne. Alfarabi fa Musulmi ne.

Malam na Zaure: Hajiya ki ƙarasa labarin mana. Wannan Musa bin Maimun ɗin ai bayan rasuwarsa rigima ta ɓarke a kudancin Faransa kan littattafansa, 'yan'uwansa malamai ne suka haramta karanta su. A 1305 kuma malaman Basalona ƙarƙashin Ibn Adret suka hana duk wanda bai kai shekara 25 ba karanta falsafar Girkawa. Kuma abin yana da tushe, a cikin Talmud akwai tsinuwa kan mai koya wa ɗansa hikimar Girkawa. Akwai wani Ben Dama da ya tambayi kawunsa Rabbi Isma'il, ya ce na gama karatun Attaura duka, ko zan iya taɓa hikimar Girkawa? Kawun ya janyo masa ayar littafin Joshuwa da ta ce a yi ta nazarin Attaura dare da rana, ya ce je ka nemo lokacin da ba dare ba ne ba rana ba sai ka karanta a ciki. To wannan ai korar kare da lallami ce.

Ɗan Kurmi: Allah ya saka Malam, abin da nake nufi ke nan 😂

Maman Husna: Malam Allah ya gafarta, a dokar 1305 ɗin ai sun cire likitanci, kuma wanda ya haura 25 ba su hana shi ba, ka ga kenan tsoronsu yaro ya shiga ruwan da ya fi ƙarfinsa ne, ba wai sun ce ilimin banza ba ne. Sannan a shafin da tsinuwar take a nan aka ce gidan shugaban malamansu Rabban Gamaliyel yara dubu ne, ɗari biyar na karatun Attaura ɗari biyar na hikimar Girkawa.

Malam na Zaure: An kuma faɗi dalili, don suna kusa da masu mulki ne. Uzurin fada daban, hukuncin talaka daban.

Ɗan Tudun Wada: Bari in sa baki a matsayina na mai karanta Tsohon Alkawari. A Fitowa sura 18 Yetro surukin Musa, firist na Madayana, shi ya tarar da Musa zaune tun safe har yamma yana shari'a shi kaɗai, ya ce wannan zai gajiyar da kai da jama'ar duka, naɗa shugabannin dubu da ɗari da hamsin da goma, Musa kuma ya bi shawarar. Wani abu kuma, masana da yawa sun nuna wani sashe na Karin Magana daga sura 22 ya yi kama sosai da koyarwar Amenemope ta tsohuwar Masar. In bare ba shi da abin faɗi me ya kai maganarsa cikin littafin?

Malam na Zaure: Ɗana, malamansu da dama cewa suka yi Yetro ya shiga addinin, don haka ba bare ba ne. Wancan na Masar kuma masu baƙar hula ba su yarda da shi ba sam, binciken jami'a ne.

Maman Husna: To ga wadda ba binciken jami'a ba, Talmud ɗin ne da kansa. An kawo saɓani kan inda rana take bi da dare, malaman Yahudu suka ce sama take hawa ta bayan sararin samaniya, malaman sauran al'ummai suka ce ta ƙarƙashin ƙasa take wucewa, sai Rabbi Yahuda Hanasi, wanda ya tattara Mishna fa, wato matanin da aka gina Talmud a kansa, ya ce maganarsu ta fi tamu kama da gaskiya, hujjarsa wai ruwan idon ƙasa da rana sanyi gare shi da dare kuma ɗumi. Hujjar dai ta zamaninsa ce amma wlh ba ƙaramin abu ba ne babban malami ya sallama a rubuce. Har addu'a ta musamman suke da ita in sun ga masanin da ba Bayahude ba. Midrash, wato tafsirin malamansu na dā, ma ya raba gardamar: in aka ce maka akwai hikima a wurin al'ummai ka yarda, in aka ce akwai Attaura kada ka yarda.

Ɗan Kurmi: Raba gardama ina? Taurari da magani kowa zai karɓa. Amma tarbiyya fa, gyaran zuciya, sanin Allah, hikima ce ko Attaura? Nan ne maganar take.

Maman Husna: Yanzu ka yi tambaya Yaya, kuma nan ɗin su ma suka rabu. Bahya ibn Faƙuda na Saraƙusɗa a ƙarni na 11 ya rubuta littafi kan farillan zukata, ya ɗebo sosai daga zantukan sufaye Musulmi, har yau ana karanta shi a makarantun masu baƙar hular da ka ambata. Yahuda Halebi kuwa, shi ma ɗan Andalus, cewa ya yi hikimar Girkawa fure ce ba 'ya'ya. A yau jami'ar Yeshiba ta New York takenta Attaura da ilimi, wasu unguwannin Hasidawa, wani reshe na masu baƙar hular, a gari ɗaya kuma suna ta ja da hukumar ilimi kan darussan boko.

Malam na Zaure: Masu karanta Bahya a can da Ibrananci suke karanta shi, ki tambaye su daga ina ya ɗebo ki ji amsa. Ni ina nan kan bakata, an yarda a ɗauka amma sai babba ya tace tukuna, ba kowane mai karatu ba.

Maman Husna: Ai Malam da "shara ce" aka fara, yanzu mun koma waye zai tace. Yaya Ɗan Kurmi in ka koma majalisa ka kai wa mutumin naka Pesahim 94b, shafin Talmud ɗin da maganar rana take, ya duba.