Kalmar "fine": a ina ta taɓa rikita ku?

Malamar Turanci:
Assalamu alaikum. Shekara 14 ke nan ina koyarwa, kuma babu kalmar da nake tausaya wa ɗalibaina a kanta kamar "fine". Tun suna ƙanana muke sa su haddace "I am fine, thank you", sai su taso da zaton "lafiya lau" ce kaɗai ma'anarta. Don Allah duk wanda ta taɓa ba shi wahala ya ba mu labari, ina so in kai wa 'yan ajina abin da ya faru da gaske.

Ɗaliba a Ingila:
Wa alaikumus salam, Malama. Makona na farko maƙwabciyata ta gayyace ni gidanta, ta tambaye ni ko zan sha wani abu. Ga ƙishirwa ina ji, na ce "I'm fine", nufina "to, kawo". Sai ta koma ta zauna. Ashe a wurinsu wannan amsar "a'a, na gode" ce. Wanda ya fi min ciwo ya zo daga baya. Mai duba aikina ya rubuta "this is fine" a ƙasan babi na biyu, na yi ta murna, na daina gyara. Sai da maki ya fito na gane "ba laifi" kawai yake nufi, ba yabo ba.

Direban babbar mota:
Ni takarda aka miƙo min a hanya. Na hango "fine" da manyan baƙaƙe, na ɗauka an ce komai nawa daidai ne, na ninke na sa aljihu. Tara ce. Kafin ɗana ya karanta min, wa'adin biya ya wuce, kuɗin ya ƙaru. Malama, ki fara koya musu wannan.

Ma'aikaciyar jinya:
Sannu Baba, Allah ya mayar da alheri. A aikinmu na daina yarda da "I'm fine" daga bakin marar lafiya. Mutum na cije leɓe, gumi na zubo masa, amma abin da zai ce ke nan don kada ya dame mu. Sai na sake tambaya, in ce nuna min inda ke ciwo. Akwai kuma "fine needle", allura siririya sosai. Nan kauri ake magana, ba kyau ba.

Malamar Turanci:
Amin, na gode muku. Baba, abin mamakin shi ne "fine" ta tararka da "fine" mai nufin kyau tushensu ɗaya. Kalmar ta fito daga Latin "finis", wato ƙarshe, ta shiga Turanci ta hanyar Faransanci bayan da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila da yaƙi a 1066. Kuɗin da ake biya a kawo ƙarshen shari'a ya zama tara. Abin da aka gama shi har ƙarshe, babu sauran gyara, ya zama mai kyau. "Finish" da "final" ma daga nan suke.

Ɗaliba a Ingila:
Malama, ki ƙara musu da "fine print", ƙananan rubutun da ke ƙasan takardar yarjejeniya. A nan na tarar da sharaɗin barin ɗakin haya, bayan na riga na sa hannu.