Ƙanena bai yi kukan rasuwar Hajiya ba, dangi sun sa shi a gaba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a sakaya sunana.

Ƙanena shekarunsa 16, tun yana ƙarami likita ya ce yana da otizim, lalurar da wasu ke kira galahanga. Yau kwana tara da rasuwar kakarmu, wadda a ɗakinta ya tashi. Ranar gida ya cika, mata na ta koke-koke, shi kuwa ko ɗigon hawaye. Ana fita da gawa ya shige ɗaki ya toshe kunnuwa. Ana tsakiyar zaman makoki kuma ya fito ya tambayi Umma, a gaban jama'a, yaushe baƙin nan za su tafi. Tun daga nan Gwaggo ta sa shi a gaba, wai ba shi da tausayi, kansa kawai ya sani, Hajiya ta yi wahalar banza. Ni ma abin ya tsaya min a rai, ba zan ɓoye ba.

Sai dai kullum magariba ta kawo jiki zai cika butar Hajiya, ya shimfiɗa dardumarta inda ya saba, ya zauna bakin ƙofa. Shin da gaske masu wannan lalura ba sa jin zafin rashi? Me zan ce wa Gwaggo ba tare da na yi mata rashin kunya ba?

Wata uwa daga Zariya: Allah ya jiƙan Hajiya. Ƙanwata, ai amsarki na cikin butar nan. Nawa ɗan in ina kwance ba lafiya ba zai ce min sannu ba, amma zai ɗauko bargonsa, wanda ko taɓawa ba ya bari a yi, ya lulluɓa min. Maganar baƙi kuwa, yawancinsu hayaniya da ƙamshin turare da yawan riƙe hannu azaba ce gare su. Tambaya ya yi tsakani da Allah, ba kora ba ce.

Wani malamin yara masu buƙata ta musamman: Wannan zargin tsoho ne, har a sunan yake. Likitan ƙwaƙwalwa Eugen Bleuler ne ya ƙirƙiro kalmar otizim daga "autos" ta Girkanci, wato "kai", shi ya sa ake ɗauka mutum ne da ya rufe kansa. A 2012 wani masani ɗan Birtaniya, Damian Milton, wanda shi ma yana da otizim, ya kawo hujjar cewa rashin fahimtar ta ɓangare biyu ce: mai otizim yana shan wahalar karanta fuskarki, ke ma kina kasa karanta tasa. Gane abin da ke ran mutum daga fuska daban, damuwa da mutumin daban. Amma ina da tambaya, me kuka gaya masa? Mu Hausawa muna sakaya mutuwa, "an yi rashi", "ta riga mu gidan gaskiya". Su kuwa sau da yawa yadda aka faɗi magana haka suke ɗaukarta. Kada ya zamo jiran ta yake.

Wani dattijo daga Maraɗi: 'Yata, kada ki ja da Gwaggonki, ita ma uwa ta rasa. Ki sa Kawunku ya kira ta da magariba ta ga yaron da idonta. Shi kuma a koya masa ya riƙa cewa "Allah ya jiƙan Hajiya" in an yi masa gaisuwa, zai rage masa surutun mutane.

Wata ma'aikaciyar jinya: Ku lura da cinsa da barcinsa, don baƙin cikinsu kan fito a makare, ta fushi ko ƙin abinci. In ya fara cutar da kansa ku kai shi sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Barnawa in Kaduna ta fi muku kusa.

Mai tambaya: Malam, jikina ya yi sanyi. Ce masa aka yi Hajiya ta yi tafiya. Yau da dare ni da Umma za mu zaunar da shi. Butar fa, mu ɗauke ta?

Uwar Zariya: A'a, ku bar masa kayarsa.