Zauren 'Yan Aboabo: Masu dariyar mutuwar shugaban inshora suna da laifi?

Tela Mai Zare: Salamu alaikum. Jiya na sake ganin hoton masu ɗaga kwalaye a ƙofar kotu a New York, suna goyon bayan Luigi Mangione, yaron da ake tuhuma da harbe Brian Thompson, shugaban kamfanin inshorar lafiya na UnitedHealthcare, ranar 4 ga Disamba 2024. Har kuɗin lauya suke tara masa. Ni dai na faɗi tawa: waɗanda suka ƙi yin juyayi ba su da laifi. Kamfanin da ya saba ce wa marar lafiya a'a ba zai tilasta wa mutane kuka ba.

Malamin Makaranta: Wa alaikumus salam. Ɗana, ƙin kuka daban, dariya daban. Kamfanin ya sa ta'aziyya a Facebook, dubban mutane suka danna masa fuskar dariya. Mutum ɗan shekara 50, mai 'ya'ya biyu, aka harbe shi ta baya da sassafe yana tafiya taro. Ka koma Suratul Ma'ida, aya ta 32, ka ga nauyin rai ɗaya.

Ɗan Bronx: Allah gafarta Malam, ban ja da aya ba. Amma ku bari in gaya muku abin da ke cin mutanen nan, don ina cikinsu. Duk wata ana yanke kuɗin inshora daga albashina. Ranar da ciwo ya zo, sai na fara biyan wani kaso daga aljihuna kafin su sa hannu. Bara bayana ya riƙe, ko ruku'u ba na iya yi, likita ya rubuta a yi mini hoto. Kamfanina ya ce sai ya amince tukuna. Wanda bai taɓa ganin fuskata ba ya zauna a ofis ya ce ba na bukata. Sati nawa ina buga waya, ana sa mini kiɗa ina jira, ina salla a zaune. Da labari ya fito cewa an rubuta "hana" da "jinkirta" a jikin harsasan, babu wanda ya nemi fassara a wurin aikinmu.

Tela Mai Zare: Yawwa! Kun ji daga bakin mai ita.

Ɗan Bronx: Kada ka ja ni ɓangarenka, ƙanena. Na ce na gane fushin, ban ce na yi dariya ba.

Hajiya Mai Waakye: Ku bar Amurka ku dawo Kumasi. Mahaifiyata na da ciwon suga. Katinta na NHIS, inshorar lafiya ta gwamnatin Ghana, yana cikin baƙar leda tare da takardun asibiti, ta naɗe da ƙyalle kamar laya. Mu fita bayan asuba, mu bi layi, mu ga likita kyauta, wannan ba zan yi ƙarya ba. Amma da mun isa tagar magani sai a ba mu farasitamol, a miƙo takarda a ce sauran babu, a je kemis a waje. Kemis ɗin kuwa yana kallon ƙofar asibitin, kamar an haɗa baki. Ranar nan cinikin tukunya guda na zube masa. Da a ce wani ya tsaya gabana a lokacin yana mini wa'azin haƙuri, Malam ka yafe ni, ban san abin da bakina zai faɗa ba.

Anti Nas: Hajiya, Allah ya ba Mma lafiya. Ni ce nake bayan irin wannan tagar, bari in gaya muku yadda take daga ciki. Asibiti ya yi aiki, ya tura wa hukumar inshora lissafi, kuɗi ya yi watanni bai sauka ba. In ya sauka kuma, farashin da aka ƙayyade wa magani sau da yawa bai kai na kasuwa ba, sidi ya riga ya zame. Mai kawo magani ya gaji da bashi ya daina kawowa. To wa mai jinya yake gani? Ba ya ganin minista, ba ya ganin akanta. Ni yake gani. Wani dare wani saurayi ya daki tebur har faranti ya faɗi, yana cewa mun kashe babansa. Shi ya sa maganar Tela take ba ni tsoro. A can shugaban kamfani aka samu. A nan in fushi ya tashi, a kan mai farin kaya zai sauka.

Direban Pragya: Amma Anti kuɗin fa muna biya. Akwai harajin lafiya kashi 2.5 cikin ɗari a kan kayan da muke saya. Ina yake shiga?

Anti Nas: Tambayar da ya kamata ka kai wa ɗan majalisarka ke nan. Kuma ku yara ba ku san zamanin biya kafin a taɓa ka ba. Kafin dokar inshorar lafiya ta 2003 ta zamanin Shugaba Kufuor, mace na naƙuda ana tambayar mijinta kuɗi. Tun 2008 mai ciki take yin rajista kyauta. Tsarin na ɗingishi, amma na ga abin da ya gabace shi.

Baba Tsohon Soja: Na yi shiru ina karantawa. Tela, ɗana, shekararka nawa a 2017? Ranar 29 ga Mayu, Maxwell Mahama, hafsan soja, ya fita motsa jiki da safe a Denkyira-Obuasi. Aka hango bindiga a jikinsa, aka ce ɗan fashi ne. Duwatsu, bulo, sanduna har ya mutu, wasu na ɗauka da waya. Sai Janairu 2024 kotu ta ɗaure mutum 12 rai da rai. Na kalli bidiyon sau ɗaya, ban sake ba.

Tela Mai Zare: Baba, da girmanka, wannan ai kuskure aka yi, bawan Allah bai yi komai ba. Ba ɗaya ba ne.

Baba Tsohon Soja: Mai ɗaga bulo a ranar bai san kuskure yake yi ba. Tabbacinsa ya kai naka na yanzu. Su ma 'yan fashi sun dame su, su ma sun gaji.

Direban Pragya: Baba, gajiyar ta gaskiya ce fa. An tare ni da adda da daddare, aka ƙwace cinikina da waya. Muka kama ɗaya daga cikinsu muka miƙa, bayan kwana uku na gan shi yana shan koko a bakin titi. Gobe in na ji an yi ihun ɓarawo a Kejetia, ba zan yi alkawarin raba faɗa ba.

Malamin Makaranta: Allah ya mayar maka da alheri. Amma Tela, jarumin naka ka bincika shi? Ɗan gidan masu hali ne daga Maryland, kuma kamfanin ya ce bai taɓa zama mai inshora a wurinsu ba. Shi kansa ya musanta tuhumar a kotu. Kai ka riga ka yanke cewa shi ya yi, ka kuma yanke cewa ya kyauta.

Tela Mai Zare: Ban ce ya kyauta ba, Malam. Cewa na yi sai da jini ya zuba manyan suka fara sauraro. Wanda aka hana magani ya mutu a gadonsa, wa ya sa hotonsa a labarai?

Ɗan Bronx: Sauraro? An naɗa wani a kujerar, an ƙara masu gadi. Ni har yau ana sa mini kiɗa a waya.

Hajiya Mai Waakye: Ku tsaya, na duba ledar yanzu, ashe katin Mma ya mutu tun watan jiya, kuma ranar Alhamis za mu koma. Anti, ya zan yi?

Anti Nas: Danna *929# ki sabunta da MoMo, kuɗin waya, yau ɗin nan, kada ki bari ya daɗe a sa ku jiran wata guda. In ta haura 70 kuɗin sabuntawa kawai za ki biya. Amma ki riƙe na kemis a gefen zani, Hajiya, ba zan ruɗe ki ba.

Tela Mai Zare: Kun gani ko? Ita kanta Anti ta faɗa.

Baba Tsohon Soja: Ka zo ka same ni a benci bayan isha'i, ka taho mini da rigata da ka riƙe tun ƙaramar salla.